Harajin Naira 10 Ba Zai Rage Ƙibar Yara Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka don yin tsokaci kan alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda suka nuna cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai illa, kuma yara da matasa fiye da miliyan 390 nauyinsu ya wuce ƙima.

Mu a nan har yanzu teɓa alamar hutu ce. Amma a tsaya bakin ƙofar makarantar kuɗi da safe: yaro ɗan shekara takwas, lemon roba a hannu, biskit a jaka, kunu kuwa an bar wa kaka. Maƙwabcina bai kai hamsin ba, ciwon suga da hawan jini sun riga sun kama shi, kuɗin magani na cinye rabin albashinsa.

Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi. Yau Naira 10 ko ruwan leda ba ta saya, balle ta sa mai saye ya yi tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari, sha zai ragu daidai gwargwadon hakan.

Shawarata, Majalisar Tarayya ta mayar da harajin bisa kason farashi, a ware kuɗin don gwajin suga da awon nauyi kyauta a asibitocin sha-ka-tafi, hukumomin ilimi kuma su hana sayar da lemon a harabar firamare.

Na gode,
Wani malamin makaranta, Zariya