Wasiƙa daga Landan, kan shayin la'asar

Salamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni dai ina nan lafiya lau, sai sanyi.

Jiya mai masaukina ya matsa sai ya kai ni shan shayin la'asar a otal ɗin Ritz da ke titin Piccadilly, jikin Green Park, kuma wallahi kai na yi ta tunawa don na san yadda kake da shayi. Otal ɗin tun 1906 aka buɗe shi, kuma ba a faɗa musu haka kawai, sai an kama wuri tun da wuri, namiji kuma dole kwat da nektai, ba jins ba kambas. Zauren da ake zama Palm Court suke ce masa, ga madubai ga adon ruwan zinare, wani na gefe yana kaɗa fiyano a hankali.

Faranti aka kawo mai hawa uku, ƙasa sanwici ƴan sirara na kokwamba da ƙwai da kifi, mun dai gaya musu tun farko ba ma cin alade ba ma shan giya, suka kiyaye. Sai wani ɗan burodi mai ɗumi, scone, ka tsaga shi biyu ka shafa kirim mai kauri kamar man shanu sabon kaɗi ka ɗora jam a kai, kai wannan ya yi daɗi! Kek ɗin sama kam zaƙi ya yi min yawa.

Amma shayin nake so in ba ka labari. Ganye ne zalla a butar azurfa, ba na ƙulli ba, ana tsiyaya shi ta ƴar rariya. Na zaɓi Darjeeling, wanda ake nomawa a tsaunukan Indiya, ma'aikacin ya ce in fara kurɓa ba madara ba suga tukuna, na bi shawararsa, ashe ganyen kansa yana da ƙamshi da ɗan bauri mai daɗi da madara ke rufewa. An ce matar wani basarake na Bedford, Anna, ita ta faro al'adar wajen 1840, saboda yunwar da ke kama ta kafin abincin dare.

Kuɗin akwai tsada gaskiya, ba abin kullum ba ne, amma ban ji ciwonsa ba. Na sayo maka gwangwanin ganyen a kanti, kar ka bari ƴan majalisa su ji labari kafin in iso, mu biyu za mu fara dafa shi. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka