Wasiƙa daga Kunming, tare da faifan shayi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Baba. Ya zafin Damagaram?

A cikin saƙon da na aiko za ka ga wani baƙin abu mai kama da faifai, naɗe cikin farar takarda. Shayi ne, sunansa pu'er, sunan wani gari a nan lardin Yunnan na ƙasar Sin. Ranar da na fara kurɓarsa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko na ji, har na ajiye kofin. Yanzu kuwa, wallahi, ba na wuni ban sha ba.

Iri biyu ne. Sheng shi ne ɗanye: a gasa ganyen sama-sama a kasko, a murza, a shanya a rana, a turara, a matse. Sabonsa akwai ɗaci da bauri. Sai an ajiye shi shekara 10 ko 20 ruwansa zai rine ya yi ja, baurin ya kwanta. Wanda na aiko maka shou ne, nunanne. A 1973 masana'antar shayi ta Kunming, babban birnin lardin, ta fito da dabararsa don rage wannan jira. Ana tula ganyen, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, ana juyawa har kwana 45 zuwa 60. Tulin da kansa yake ɗaukar zafi, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna aikinsu. Da aka bayyana mini, kalwar da Inna ke lulluɓewa ta zama daddawa ce ta faɗo mini a rai, nan take na gane.

Nauyin faifan giram 357 ne. Bakwai-bakwai ake ɗaure su cikin ɓawon gora.

Don Allah kada ka dafa shi a buta da sukari da na'ana'a yadda muke yi wa ganyenmu. Ɓalli ɗan kaɗan da bakin wuƙa, zuba tafasasshen ruwa, tsiyaye na farkon ka zubar. Na gaba daƙiƙa 10 ta isa. Ɗan abin da ka ɓalla ɗin zai ba ka zubi takwas ko fi, kowane da ɗanɗanonsa. Sannan ka nisanta shi da turare da yaji, yana zuƙar ƙamshi. Kada kuma ka ƙulle shi a leda, yana son iska kaɗan.

Ka rubuto mini yadda Baba ya ji shi. A gaida mutan gida.

Naka,
amininka