Mai Fiƙa ya ci abinci

Assalamu alaikum mutumina,

Nasan ka yi fushi, kuma kana da gaskiya, wata huɗu ba saƙo ba kira sai kace na bar duniya. Ya aiki, ya madam, ya ƙafar taka, ta daina kumburin? Akwai wata tambaya da nake so in maka tun ranar da muka rabu, amma bari in fara sauke abin da ke bakina tukuna dan wallahi tun jiya nake neman wanda zan faɗa wa kuma duk gidan nan babu mai saurarona: Mai Fiƙa ya ci abinci. Ya ci! Har sau uku a gabana.

Au, ashe baka ma san shi ba. Ka tuna tankin gilashin nan na ruwan gishiri da kace zai cinye ni da raina, mai lita 120? Toh yana nan, wata 9 kenan, kifaye biyu da jatan lande ɗaya suna ta harkarsu lafiya lau. Sai shaiɗan ya raya min in ƙara na uku, na karɓo wani ɗan siririn kifi a wurin wani da ke rage nasa. Sunansa na boko Meiacanthus atrodorsalis, kar ka wahalar da harshenka, ni Mai Fiƙa nake ce masa. Asalin danginsa yammacin tekun Fasifik ne, cikin duwatsun murjani. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana na tsakiya ba, ko ya girma iyakarsa wajen santimita 11. Gabansa shuɗi-shuɗi mai toka, bayansa rawaya shar, ga wani baƙin layi da ya tashi daga ido ya nufi fiffiken baya kamar an ja masa da alƙalami, jelar kuma ta rabu biyu. Amma abin da ya ja ni gare shi yana cikin baki. A muƙamuƙinsa na ƙasa akwai fiƙoƙi biyu manya, kowanne da ɗan kwari a jikinsa, kuma a gindinsu akwai jakar dafi. Eh, dafi. Kifi mai dafi a falo. Ina jin dariyarka daga nan, ka yi ta.

Ban jefa shi cikin babban tankin kai tsaye ba, na koyi darasi tun lokacin cutar fararen ɗigon nan da ta kashe min kifina na farko, kai ne ma ka taya ni kwashe shi. Yanzu duk baƙo sai ya yi sati 4 shi kaɗai a ƙaramin tanki mai lita 40 ina kallonsa. Toh a nan ne wahalar ta fara. Ranar farko bai ci ba, nace gajiyar hanya ce. Rana ta biyu ya maƙale a bayan hita, ido kawai kake gani. Ta uku na narkar da maisis, wasu ƙananan jatan lande ne da ake daskararwa a firiza, na zuba, suka gangara ƙasa a gaban hancinsa ko kallo basu ishe shi ba. Ta huɗu, ta biyar, cikinsa ya fara shafewa, idan ka kalle shi ta gefe sai kaga wajen cikin ya lotsa kamar an matse. Ni kuwa barci ya ƙaurace min, ƙarfe 2 na dare ina tsugune da fitilar waya, uwargida ta fito ta same ni tace ko lokacin da Auta ke zazzaɓi bata ga na yi wannan tsugunon ba. Ban ce komai ba, ina da bakin magana?

Laifina ne fa, guda uku ma, kuma na farkon abin kunya ne dan na san shi sarai. Ruwa idan ya ƙafe tururi ne yake tashi, gishirin yana nan inda yake, saboda haka da ruwa tsantsa marar gishiri ake cikawa. Ni kuma saboda ruɗewa kullum da yamma sai in ɗebo daga bokitin da na haɗa da gishiri in ƙara. A babban tanki da ba za'a ji shi da wuri ba, amma lita 40 fa? Da na ɗiga ruwan a na'urar awon gishiri na ɗaga ta wajen haske sai naga layin ya haura 1.029, alhali tsakanin 1.023 da 1.026 ake so. Na zauna a ƙasa nace inna lillahi. Ban sauke shi lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan na dinga cire kofi ina mayar da kofin ruwa tsantsa har kwana biyu. Sauran awon duk lafiya, zafi digiri 25, amoniya da naitarait, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, duk sifili, to da sauƙi.

Na biyu, ban bashi maɓoya ba. Tanki fayau, gilashi ta ko'ina, fitila a kansa. Su a teku ramukan duwatsu da bututun da tsutsotsin ruwa suka bari suke shiga, kuma da baya suke shiga, jela ciki kai waje. Na yanko guntayen bututun roba na famfo guda uku, na wanke, na jefa, na rage hasken, na manna baƙar takarda a gefe biyu. Ko minti 20 ba'a yi ba ya fito ya zagaya ɗaya, ya leƙa, ya juya ya shige da baya-baya kamar direban da ya ƙware a fakin. Wanda ba kai ba kenan, har yanzu Dogo yana bada labarin ƙofar nan da ka gyara wa zama.

Af, Dogo. Ya sayar da babur ɗin fa. Wai yanzu keke zai dinga hawa saboda likita yace tumbi ya yi yawa, sati ɗaya ya yi ya jingine shi, yanzu kullum yana tsaye a ƙofata da safe wai ko hanyarmu ɗaya. Shi ne ma ya fara ganin kifin ya tambaye ni wai in ya mutu za'a iya ci, nace ka gwada. Kuma littafinka yana wurinsa, ba wurina ba, ka daina tuhumata.

Na uku shi ne abincin kansa. Yawancin danginsa a kan dutse suke kwanciya suna kankarar gansakuka, shi kuwa wannan yana da jakar iska a cikinsa, dan haka a tsakiyar ruwa yake yini yana shawagi yana cafkar ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawowa. Ma'ana abin da ya kwanta a ƙasa ba abinci bane a idonsa, sai abin da ke motsi, kuma ƙarami, dan bakin nasa duk da fiƙoƙin ɗan mitsitsi ne. Fiƙoƙin ba na cin abinci bane, na kare kai ne. Ni kuma ina ta jefa masa maisis ɗungurungum ina kashe famfon da ke juya ruwan tankin wai kar ruwa ya tafi da su. Sai na samo ƙwan atimiya, wasu ƙananan halittun ruwan gishiri ne, ƙwan kamar garin ƙasa ja. Na zuba rabin ƙaramin cokali a gorar roba da ruwan gishiri, na saka bututun iska yana ta ɓulɓula, bayan kamar awa 24 na kashe iskar na haska fitila a gindin gorar, sai gasu sun taru wajen hasken, ɗigo-ɗigo ruwan lemo suna rawa. Na zuƙo da sirinji marar allura, na tace, na fesa a gaban famfo.

Mutumina da ka ga abin. Ya fito da kai daga bututu. Ya tsaya. Ido ɗaya ya bi ɗaya daga cikinsu, sai ya lanƙwasa jiki kaɗan, caraf! Ya koma. Ya sake fitowa, caraf, caraf, daga nan kuma ya manta da ni ya manta da bututu ya shiga tsakiyarsu yana ta tsinta har cikin ya ɗan taso. Kwana bakwai cur. Na yi ihu har jatan landen da ke ɗaya tankin ya ja da baya.

Sai dai atimiya kaɗai bata riƙe kifi, musamman in ta kwana biyu da ƙyanƙyashewa ta cinye abin da ta fito da shi daga ƙwai, kusan ruwa ne zalla. Dan haka yau da safe na yi masa wayo, na yanka maisis ƙanana-ƙanana da reza, na gauraya da masu ran, famfo a kunne, duk suna yawo tare. Ya tofar da guda biyu ya haɗiye na uku. Shirina kenan, kullum in rage masu rai in ƙara daskararre, daga baya in gwada busasshen nan mai ƙananan ƙwayoyi. Sau 2 zuwa 3 a rana, kaɗan-kaɗan, abin da zai cinye cikin minti biyu, saura in zuƙe da sirinji kar ya ruɓe ya tada amoniya. Da na sani tun farko da wanda aka haifa a tanki na nema, akwai masu kiwonsu a Amurka, waɗannan tun suna ƙanana sun saba da busasshen abinci basa wannan yajin.

Kuma ya cije ni. Na ɓoye maka ne zuwa nan dan nasan halinka. Ranar da na saka bututun ne, na ga ɗaya ya karkace na tsoma hannu ba safa in gyara, ban san yana ciki ba. Ji nayi kamar an tsira min allura biyu a gefen babban yatsa, ɗigon jini biyu a jere, wurin ya yi ja ya ɗan kumbura yana zugi zuwa dare, washegari ya lafa. Na wanke da sabulu sosai dan ruwan tanki ma kansa yana da ƙwayoyin cuta, kuma na zauna ina jiran ko zanji jiri, da naji da asibiti zan nufa ba wasa. Ban ji ba. Amma yanzu safar roba har gwiwar hannu, kuma an kafa wa Auta doka.

Cizon ne yasa na zauna na karanta labarin dafin, kuma abin ya ɗaure min kai. A 2017 wasu masana, Nicholas Casewell na Libaful a Ingila da Bryan Fry na Jami'ar Kwinslan a Ostireliya da abokan aikinsu, sun bincika dafin wani ɗan'uwansa mai zane-zane. Sun samu sinadarai iri uku, ɗaya yana aiki a jiki irin na mofin, maganin nan mai kashe zafin ciwo, ɗaya irin wanda ake samu a dafin wani dodon koɗi na teku, ɗaya kuma irin na ƙudan zuma da macizai. Da suka gwada a ɓeraye basu nuna alamar zafi ba, sai dai jininsu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Wato ba azaba yake bawa babban kifi ba, jiri yake saka masa. Tun 1972 wani George Losey ya ga yadda abin yake, babban kifi ya haɗiye shi, can sai kansa ya hau karkarwa ya wage baki, ɗan ƙaramin ya fito abinsa ko ƙwarzane babu. Shi yasa yake yawo a fili ba tsoro yayin da sa'o'insa ke ɓuya. Ni dai zafi naji, ɓerayen su suka san abin da suka ji.

Har akwai masu kwaikwayonsa. Wani kifi Plagiotremus laudandus ya saka irin rigarsa sak, shuɗi da rawaya, bashi da dafi, amma yana fakewa da kamannin ya matso kusa da manyan kifaye ya gatsi fata da ɓawon jikinsu ya gudu. Da na karanta haka gabana ya faɗi, na koma da fitila ina leƙen bakin nawa, dan shi na bogin bakinsa a ƙasan hanci yake kuma ya fi siranta kamar tsutsa. Nawa bakinsa a gaba yake, ga layin ido. Na gaske ne. Amma ka faɗa min tsakani da Allah, wannan na bogin bai tuna maka da kowa ba? Ni ban ambaci suna ba.

Saura sati 3 ya koma babban tanki, kuma kafin nan sai na gyara murfi, dan tsalle suke kamar an harba su, wanda ya bani shi yace ɗan'uwansa ta ramin wayar hita ya fita, da safe aka tsince shi a bushe bayan kabad. Na auna nawa akwai rata kamar faɗin yatsa a kusurwa, raga zan saka. Bazan haɗa shi da irinsa ba, faɗa zasu yi a lita 120, sauran kifayen kuma bai damu da su ba in basu takura masa ba, murjani ma baya taɓawa.

Abin da ke damuna yanzu tafiyar nan ta wata mai zuwa, kwana 5. Waye zai bashi abinci sau uku, ya cika ruwa da bokitin da ya dace? Dogo yace zai yi, Dogon da ya tambayi ko ana ci. Uwargida tace ita da tsoma hannu a wurin abin da ya ciji mijinta sai dai a lahira. Ina tunanin in raba abincin a ƙananan robobi in rubuta rana a kan kowanne, in ɓoye bokitin gishirin gaba ɗaya. Kai da ka iya lallashinta ka kira ta dan Allah, ka ce mata sirinji ne kawai ba hannu ba.

Ka gaida madam da yaran, kace wa babban har yanzu ina binsa wasa ɗaya. Bari in tashi, gorar atimiya ta biyu ta isa tacewa.

Naka,
mai yatsa a kumbure