Ɗumame ya zama abin saɓani tsakanina da maigidana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da abokan aikinki, ina roƙon Allah Ya saka miki bisa lokacin da kike bayarwa wajen sauraron damuwar gidajen mutane. Na daɗe ina bin wannan fili naki, amma ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto miki ba, balle a ce a kan ɗumame. Na san wani zai ji ya ce abin bai kai a kawo shi gaban jama'a ba, to amma wata shida ke nan maganar tana cin raina, kuma ta fara taɓa zaman lafiyar gidana.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, shekarata 13 a ɗakin mijina, muna zaune a gidan haya a cikin Kano. Asalina 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kazaure, kuma a hannun kakata na tashi, a gidan da ba a san wani karin kumallo ba in ba ɗumame da koko ba. Ina so in ɗan tsaya a kan yadda take yi, domin ki gane cewa abin da na gada ba sakaci ba ne. Idan an gama cin tuwon dare, takan ware malmalar da ba a taɓa ba daban, wadda hannu ya shiga kuma daban. Miyar kukar da ta rage sai ta mayar da ita kan murhu ta tafasa sosai, ta rufe tukunyar da faifai, kuma daga wannan lokaci ba wanda ya isa ya sa ludayi a ciki sai gari ya waye. Da asuba, bayan ta idar da salla, sai ta yayyanka tuwon a tukunya, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta zuba miyar, ta bar shi a kan garwashi har sai tururi ya ratsa cikinsa, sannan ta sauke ta ɗiga man shanu, ta barbaɗa yaji. Ƙanzon gindin tukunya kuwa takan kankare shi ta shanya a rana har ya bushe ƙarau, ta tara a buhu, ranar da aka so sai a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa. Abin da ya yi tsami shi ne rabon kaji da awaki. Tun da na yi wayo har na bar gidan ban taɓa ganin an kai hatsi juji ba, kuma kullum tana tuna mana cewa kowace ƙwayar dawa sai da wani ya sunkuya a rana kafin ta zo akushi.

Da wannan tarbiyya na shigo gidan mijina, kuma shekara da shekaru bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Hasali ma shi da kansa yakan ce in ƙara hannu a tuwon dare domin a samu na safe, saboda ya fi riƙe masa ciki a kasuwa fiye da shayi da burodi. Yana aiki ne a shagon wani a Kantin Kwari, abin da yake samu ba shi da yawa amma muna godiya ga Allah. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, sai ɗumamen da muke ci don marmari ya koma abin da gidan ya dogara da shi. Na koma girki sau biyu a rana maimakon uku, ina haɗa na dare da na safe a wuta ɗaya, domin iskar gas ba ta kai mu ƙarshen wata, gawayin ma da muke komawa gare shi kullum ƙara kuɗi yake yi. Muna da ƙaramin firij, amma wutar lantarki a unguwarmu ba abin dogaro ba ce, wani lokaci sai a wuni a kwana ba a gan ta ba.

Abin da ya sauya komai ya faru ne a watan Afrilun da ya wuce, a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ko cikin dare bango yakan riƙe zafi kamar an hura masa wuta. An yi suna a maƙwabta, aka aiko mana da shinkafa dafa-duka da rana a cikin kula, muka ci muka rage kusan rabi. Babu wuta ranar, sai na bar ta a rufe cikin kular nan har safe. Da gari ya waye na buɗe na shinshina, ban ji tsami ba, ban ga yauƙi ba, na juye a tukunya na ɗumama ta sosai har tana tururi, na zuba wa yara. Kafin azahar 'yar autata mai shekara huɗu ta fara amai ba ƙaƙƙautawa, yayanta ma ya biyo baya amma nasa da sauƙi. Zuwa la'asar idanunta sun faɗa, jikinta ya saki, ruwan gishiri da sukari da nake ba ta ma ba ya zama. Muka kwashe ta zuwa asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa, muka kwana a can. Har yau idan na tuna yadda hannunta ya yi sanyi a cikin nawa a cikin adaidaita-sahu, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, domin da hannuna na zuba mata abincin.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta ga halin da nake ciki ta zaunar da ni ta yi mini bayani cikin natsuwa. Ta ce shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta mutuwa ko an dafa ta, kuma idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi, ƙwayar takan hayayyafa ta fitar da guba, gubar kuma wuta ba ta kashe ta ko an sake ɗumamawa, hanci ma ba ya jin ta. Ta ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, sai dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60 ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, domin tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa. A nan na gane cewa kular da nake gani kariya ce ita ce ta riƙe shinkafar a daidai ɗumin da cutar take so.

Tun a bakin gadon asibiti maigida ya yanke hukunci cewa daga ranar ba a ƙara cin abincin da ya kwana a gidansa, ko shinkafa ko tuwo ko miya. Ban yi masa musu ba, domin ni ma a tsorace nake, kuma na san wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ɗauka bayan kwana biyu hankalinsa zai kwanta mu zauna mu rarrabe abin da ke da haɗari da wanda ba shi da shi, amma har yau ko sunan ɗumame aka ambata sai fuskarsa ta sauya. Bai taɓa ce mini ni na jawo ba, kuma mutum ne mai kyautata mini, sai dai duk lokacin da na ɗauko zancen yakan ce, "Maman yara, kina so mu sake kwana a asibiti ne?" Daga nan bakina yake mutuwa.

Matsalar ita ce kuɗin cefane bai ƙaru ba, alhali hidima ta ƙaru. Yanzu dole in hura wuta sau uku, in tashi tun kafin kiran salla domin yara su ci sabon abinci kafin su tafi makaranta, ranar da na makara kuma sai a sayo burodi ko ƙosai, wanda kuɗin safiya ɗaya ya isa a yi miyar wuni guda. Na yi ƙoƙarin auna girkin dare daidai cikin kowa, amma duk macen da ke riƙe da gida ta san wannan ba ya yiwuwa kullum: yau yaro ya yi barci bai ci ba, gobe maigida ya ci a kasuwa, jibi an yi baƙo an ƙara hannu bai zauna ba. Idan na rage awo sai wani ya tashi bai ƙoshi ba, idan na ƙara sai a rage. Sau biyu ina ƙarasa wata da bashin mai kanti ba tare da ya sani ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi aure.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne inda ragowar take zuwa. A gidan haya babu kaji babu awaki, tsakar gidan kuma ta mutane da yawa ce, ba ko da yaushe ake samun wurin shanya ba. Ranar farko da na ƙulle malmala biyu lafiyayyu a leda na ba yaro ya kai bola, sai da na zubar da hawaye. Na san Allah Ya ce a cikin Suratul A'araf mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, kuma a Islamiyya an karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni ko loma ce ta faɗi a ɗauka a share ta a ci, a kuma suɗe kwano, domin mutum bai san inda albarkar abincinsa take ba. Surukata, wadda muke kira Inna, ta zo kwana uku ta ga ana zubar da tuwo, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce da ɗumame ta raini mijin nawa da 'yan'uwansa bakwai, kuma gidan da ake wulaƙanta abinci albarka ba ta zama a cikinsa. Ban iya ce mata umarnin ɗanta ne ba, don kada in haɗa su, sai na sunkuyar da kai na karɓi faɗan.

Akwai kuma wani almajiri da ya saba zuwa ƙofarmu da safe, yaro ne da bai wuce shekara tara ba, kusan sa'an ɗana na biyu. Da maigida ya ga ina jin ciwon zubarwa sai ya ce ai sai in riƙa ba almajirai. Na yi hakan na kwanaki, ina ɗumamawa sosai kafin in juye masa a robarsa, amma zuciyata ta ƙi natsuwa. Idan abincin nan yana da lafiya, me ya sa aka hana 'ya'yana? Idan kuma ba shi da lafiya, da wane ido zan dubi Allah in na ba ɗan wani, wanda in cikinsa ya ɓaci cikin dare ba shi da uwa kusa da za ta kai shi asibiti? Yanzu nakan ba shi tun da dare in ya zo, amma ba kullum yake zuwa da dare ba.

Zan faɗa miki wani abu da ban faɗa wa kowa ba. Kusan sati uku ke nan, idan maigida ya fita yara sun tafi makaranta, nakan ɗumama tuwon da ya kwana in ci ni kaɗai, in wanke tukunyar kafin kowa ya dawo. Ban taɓa jin ko ciwon ciki ba. Amma ɓoye-ɓoyen nan yana damuna fiye da yunwa, domin ban saba saɓa wa maganarsa a bayan idonsa ba, kuma ina tsoron ranar da ɗaya daga cikin yaran zai gani ya ɗauka cewa haka ake zaman aure.

A nawa ganin, Hajiya, kuskuren da na yi a watan Afrilu kuskure ne na musamman: shinkafa ce, an dafa ta tun safe a wani gida, ta wuni ta kwana a rufe cikin tsananin zafi. Ban ga adalci ba a ce saboda ita an haramta tuwon da na tuƙa da hannuna bayan magariba, da miyar da na tafasa kafin in kwanta. Amma ina tsoron kada son abin da na saba da shi ya rufe mini ido, domin ita ma shinkafar ai na shinshina na yarda da ita. Shi ya sa nake roƙon ki, in da hali, ki tambayar mini masana lafiya: shin tuwon dawa ko na masara da miyar kuka, idan an bi da su yadda kakata take yi, hukuncinsu ɗaya ne da shinkafa da wake da taliya? Shin akwai bambanci tsakanin lokacin hunturu da lokacin bazara? Kuma macen da ba ta da tabbacin wuta, wace hanya ce mafi aminci da za ta adana ragowar abinci daga dare zuwa safe? Idan suka ce a bari gaba ɗaya, wallahi zan bari har da wanda nake ci a ɓoye, domin lafiyar 'ya'yana ta fi mini komai.

Idan kuma suka ce akwai hanyar da za a bi lafiya, to ina neman shawararki a kan yadda zan tunkari maigida. Ba na so ya ji kamar na raina tsoron da ya shiga a daren nan, ba na kuma so in kai ƙararsa wurin Inna maganar ta zama tsakanin uwa da ɗa. Na yi tunanin in roƙe shi mu koma wurin ma'aikaciyar jinyar nan tare ya ji daga bakinta, amma ban san ko hakan zai fama masa ciwo ba. Sannan ki gaya mini ko ya kamata in fara da bayyana masa bashin mai kanti da ɗumamen da nake ci a ɓoye, ko in bari sai mun daidaita a kan asalin maganar.

Ina roƙon ki sakaya sunana idan za ki karanta wannan wasiƙa, domin yakan saurari filin nan a shago. Allah Ya ƙara miki lafiya da basira.

Wassalam.

Daga 'yarki,
wata uwar 'ya'ya huɗu a Kano.