Minti ɗaya da rabi kuka ba ni, shi kuma Dokta kusan awa guda

Assalamu alaikum Malam Edita.

Ni ne mutumin nan da aka kashe wa waya a shirinku na daren Lahadi kan batun mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta, wanda ya ce da alli yake koyar da kwamfuta har mai gabatarwa ya yi 'yar dariya ya ce toh malam mun gode lokaci ya ƙure mana. Wallahi lokacin bai ƙure ba, don bayan an katse ni sai da Dokta, baƙon da kuka gayyato, ya ƙara kwashe kusan minti ashirin yana zuba, rediyon tana hannuna ina ji ina duba agogo. Tun da aka buɗe layi nake bugawa ana ce min layin yana aiki, kuma a garinmu sabis ba ko'ina yake kamawa ba sai mutum ya fita bayan masallaci wajen wata bishiyar darbejiya, a nan na tsaya sauro yana cina, da na samu shiga kuma aka ce in riƙe layi, na riƙe katina yana ƙonewa, kun dai san yadda kuɗin kira ya koma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Duk wannan wahalar don in samu minti ɗaya da rabi, rabinsa ma a sallama da faɗin inda nake kira ya tafi.

Katsewar ba ita ta fi min ciwo ba, abun da ya biyo baya ne. Ina gama sauka Dokta ya ce ai irin waɗannan malaman su ne matsalar, wai tsoron kwamfuta muke yi sabida za ta toshe mana hanyar satar amsa da muke karɓar kuɗin iyaye a kai, wai duk mai cewa a dakata da mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta maƙiyin ci gaba ne. Haba Malam Edita! Mutum bai san ni ba, bai taɓa taka garinmu ba, ban ma kai ga faɗin ra'ayina ba, ya ɗora min sata a gaban duk mai sauraro, mai gabatarwa yana zaune yana "haka ne Dokta, gaskiya ne Dokta" kaman almajiri a gaban malaminsa. Na sake bugawa ya fi sau goma ba a ɗaga ba. Washegari da safe a teburin mai shayi kowa ya gane muryata, wani yaro da ni na koya masa lissafi a aji uku yake min tsiya wai malam ashe kai ne shugaban masu ekspo. Wasa yake yi na sani, amma shekara goma sha bakwai ina koyarwa ban taɓa karɓar sisin kobon wani uba don in ba ɗansa amsa ba, Allah shi ne shaida, kuma ko da na karɓa ai ba a rediyo za a yanke min hukunci bakina a rufe ba.

Toh ga abun da na kira in faɗa tunda an hana ni faɗa da baki. Ni malamin lissafi ne, darasin kwamfuta an haɗa min ne kawai don babu wanda zai ɗauka, firinsifal ya ce kai da ka iya lissafi ai ba za ta gagare ka ba. Makarantarmu ba ta da kwamfuta ko ɗaya mai aiki, ba ta da wuta, ɗakin da aka rubuta wa sunan ɗakin kwamfuta a ƙofa karyayyun kujeru ne a ciki da jemagu. Aji ɗaya yara sun haura tamanin. Abun da nake yi shi ne in zana kibod a allo, in sa kowa ya samo kwalin taliya ko na sabulu ya zana nasa, sai mu yi ta dannawa a kan kwali ina kiran haruffa. Ina da wata tsohuwar laftof da na saya hannu na biyu a Kano, batirinta ba ya kai minti arba'in, a wajen mai cajin waya nake cajinta da kuɗina, ranar da na kawo ta aji sai ka ga yara sun yi layi kaman ana rabon kayan sallah, kowa ya taɓa ya rubuta sunansa ya matsa. A zango guda wani sau ɗaya zai taɓa, wani ma ba zai samu ba ta mutu. Wannan shi ne malamin da Dokta ya ce yana tsoron kwamfuta.

Akwai wata yarinya da na koyar, ba zan faɗi sunanta ba, tun da nake ban ga mai kan lissafi irinta ba, tambayar da zan yi minti biyar ina warwarewa a allo ita ta gama a ka tana jirana. Da za ta rubuta JAMB aka tura ta wata santa a birni, ita da yayanta suka kwana gidan wani ɗan uwa don a kan lokaci ake so a je. Ta dawo tana kuka. Ta ce malam na san amsoshin, hannuna ne ya ƙi, wai tana taɓa maus ɗin sai kibiyar ta gudu ta ɓace, ta yi ta nemanta, kunya ta hana ta ɗaga hannu sai da wani mai kula da ɗaki ya lura ya zo ya nuna mata. Kuma na gaya wa ɗaliban fa ba sai da maus ba, A B C D na zaɓen amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa, duk mun yi a kwali, amma kwali ba ya motsi, kwali ba ya nuna maka agogo yana cin lokacinka a saman sikirin. Ku yi lissafin da kanku, tambaya 180 a cikin awa 2, daƙiƙa 40 kenan kowace tambaya, wanda ya ɓata minti 10 yana kokawa da na'ura tambaya 15 sun tafi tun bai karanta ko ɗaya ba. Ɗan birni da ya tashi da laftof ɗin babansa a falo ya fara da 180 cif, tawa ta fara da 165 da hannu mai rawa, sannan a fito da maki a ce wannan ya fi wancan ƙoƙari. Ta ci dai Alhamdulillah amma makin bai kai na abun da take so ba, shekarar da ta biyo baya babanta ya sayar da akuya biyu ya sa ta a kafe ta koyi kwamfuta na wata ɗaya sannan ta sake.

Kuma dan Allah a fahimce ni, da an bar ni na ƙarasa da Dokta ya ji cewa rabin maganarsa ma na yarda da ita. Na rubuta JAMB ta takarda da fensir, na san irin ɓarnar da ake yi a lokacin, na san santocin da ake biya a shigo wa yaro da amsa, kuma tun da aka mayar da ita kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015 abun ya ragu sosai, sakamako ma ba a daɗewa yake fitowa. Ban ce a koma baya ba. Amma JAMB yini ɗaya ce, awa biyu ka gama ka hau mota ka koma gida. WAEC makonni ake yi ana rubutawa, darasi takwas ko tara, wani darasin takarda biyu ko uku, ga na gwaji. Na san a wadda WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu a 2024 tambayoyin rubutu a sikirin suke fitowa yaro ya amsa a takarda, toh ko a hakan ne ma tambayata ita ce a ina yarana za su zauna? In a makarantarmu ne ina na'urorin, ina wutar, wa zai sayi man janareta na wata guda ko ya kafa sola? In a birni ne wa zai biya kuɗin motar zuwa da dawowa kullum, kuma wane uba ne a ƙauye zai bar 'yarsa budurwa ta je ta yi makonni a gidan da bai sani ba? Wallahi na san iyayen da za su ce ta haƙura kawai a yi mata aure, kuma mu da muka sha bakin duniya kafin a bar su su kai aji shida mu ne za mu ga wannan asarar, Dokta ba zai gani ba. Tun da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa daga 2026 za a koma kwamfuta, ni ban ga ko waya ɗaya an ja zuwa makarantarmu ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abun da ya ƙara ƙona min rai shi ne da Dokta ya ce ita kwamfuta ba ta kuskure ba ta son kai, mai gabatarwa bai ce masa uffan ba. Ashe gidan rediyo guda kun manta abun da ya faru a JAMB ta 2025? Ku ne fa kuka karanta mana labarin. Sakamako ya fito fiye da yara miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, nan take aka hau yara da zagi, wai ba sa karatu sai TikTok, wai an toshe sata ne shi ya sa asirinsu ya tonu, irin maganar Dokta sak. Iyaye da yara suka ƙi yin shiru suka yi ta ƙorafi har aka bincika, ranar 14 ga Mayu shugaban JAMB na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya ce kuskuren daga wajensu ne, ya shafi yara 379,997 a santoci 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Legas fa, ba ƙauyenmu ba, inda injiniyoyin suke. Ni mutumin nan ya ƙara girma a idona don ba kowane babba ne a ƙasar nan zai ce na yi kuskure ba. Amma ku duba, da a ce kowane uba da ya buɗe baki a lokacin an ba shi minti ɗaya da rabi an kashe masa waya an ce ɓarawon amsa ne, da yaran nan sun tafi da makin da ba nasu ba har abada. Ɗan jarida aikinsa kenan ya tuna wa baƙo irin wannan, ba ya zauna yana gyaɗa kai don baƙon yana da Dokta a gaban sunansa kuma yana haɗawa da Turanci ba.

Sai kuma wanda ya kira bayana, shi aka bar shi ya yi kusan minti huɗu don yabo yake yi, ya ce wai daga jin muryata ɗan adawa ne aka turo ni in ɓata wa gwamnati suna. Abun ya zama ciwo a gidajen rediyonmu, sojojin baka sun koya wa mutane cewa babu wanda zai yi magana don Allah, in ka ce rufin aji yana yoyo sai a tambayi jam'iyyarka. Ni ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba. Kuma ai Majalisar Wakilai da kanta a ƙarshen 2025 ta nemi a ɗage abun nan zuwa 2030 sabida makarantun karkara ba su shirya ba, majalisar da 'yan jam'iyya mai mulki suka fi yawa a ciki, su ma masu sayar da ekspo ne ko 'yan adawa? Ko wannan mai gabatarwa bai kawo ba.

Ba haƙuri nake nema a ba ni ba. In za ku sake irin wannan shirin ku zaunar da malamin ƙauye ɗaya a kujerar da ke kallon ta Dokta, ba sai ni ba, akwai irina da yawa da suka fi ni iya magana, a ba su lokaci daidai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma duk wanda baƙo ya zaga bayan an sauke shi ku ku kira shi da katinku ya kare kansa, lambata tana nan a wayar situdiyo tunda da ita na kira. In kuma Dokta yana da hali ya zo ranar Talata da safe, a lokacin nake da 'yan aji biyar, zan ba shi alli da kwali ɗaya ya gwada mana.

Tunda na riga na ɗauki biro bari in ƙara da wannan, tallan mai maganin gargajiyan nan da kuke sawa daidai bayan sallar isha'i dan Allah ku duba shi. Lokacin ne muke zaune a tsakar gida da yara ana cin tuwo rediyo tana kunne, sai kawai mutum ya fara lissafo cututtukan ma'aurata da sunayensu ɓaro-ɓaro ba sakayawa, ranar nan surukata tana nan ban san sanda na yi tsalle na murɗe rediyon ba har na zubar da miya, ƙaramin ɗana kuma sai tambayata yake yi baba mene ne abun da ya faɗa. In kuɗin tallan ne ba za ku iya bari ba ku mayar da shi sha ɗayan dare lokacin yara sun kwanta.

Naku mai sauraro kullum,
wani malamin sakandare daga karkarar Jigawa.