Wasiƙar Godiya ga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, Reshen Kaduna

Zuwa ga Shugaba da dukan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu bin diddigin asalin dangi a Arewa muna son mu gode muku a bainar jama'a kan wani aiki da ba a cika yabawa ba: kun bar takardun zamanin Turawa a ƙarƙashin sunayen lardunan da suka fito, ba ku sake rarraba su bisa jihohin yau ba. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka tsufa ne da rashin gyara. Mu kuwa da wannan tsarin muke gano inda kakan mutum ya biya haraji.

A Ingila mai neman asalinsa yana da rajistar coci tun 1538, abin da ya rage masa shi ne ya gano iyakar gundumar cocin da ƙauyensu ya faɗa a lokacin. Mu ba mu da irin wannan rajista. Abin da muke da shi takardun haraji ne, da rahotannin Razdan da Di'o, da littattafan kotun alƙali. Amma matsalar iyaka iri ɗaya ce, ta ma fi tsanani a nan, domin ƙauye yana nan inda yake, hukumar da ke rubuta sunansa ce ke ta canzawa.

Misalin da ya fi rikita mutane shi ne Katsina. Bakatsine yakan zo ya nemi fayilolin KATPROF, wato na Lardin Katsina, kai tsaye, ya duba ya rasa komai a kan shekarun farko, ya ce an zubar. Ba a zubar ba. Daga zuwan Turawa a 1903 har 1926 masarautar Katsina tana cikin Lardin Kano ne. Daga 1926 aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 aka yi Lardin Katsina, aka haɗa ta da Daura. Saboda haka labarin gida guda a Bakori ko Mani yana iya warwatsuwa a KANOPROF (fayilolin Lardin Kano) da ZARPROF (na Lardin Zariya) da KATPROF, ban da kwafin da aka aika Sakatariyar Lardunan Arewa, wanda ke cikin jerin SNP. Shi wannan jeri na SNP shi ne madafa idan fayil ɗin lardi ya lalace ko ya ɓata. A 1926 ɗin nan kuma aka kafa Lardin Filato, aka haɗa Yola da ɓangaren Muri suka zama Lardin Adamawa, don haka mutanen Jos da Jalingo su ma sai sun duba gida biyu.

Bayan lardi sai gunduma, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kafin Turawa yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo kuɗin ƙasa. A 'yan shekarun farko na mulkinsu Turawa suka tattara ƙauyuka masu maƙwabtaka suka yi gundumomi, suka tura hakimai su zauna can. Gundumomi da yawa da sarautar hakimi aka riƙa kiran su, ba da sunan gari ba. Mai neman Malumfashi ya duba ƙarƙashin Galadima, Dutsin-Ma ƙarƙashin 'Yandaka, Rimi ƙarƙashin Ƙaura, Mani ƙarƙashin Durɓi. Funtua kuwa Maska za a nema, shi ya sa har yau hakiminta Sarkin Maska ne. A Kano, Dawakin Tofa tana zuwa da sunan gundumar Madaki. Jerin sunayen fayiloli da kuke ajiyewa a ɗakin karatu ya riƙe waɗannan sunaye yadda magatakardan wancan lokaci ya buga su, kuma hakan daidai ne. Da an "gyara" su zuwa sunayen ƙananan hukumomin da suka biyo bayan sauyin 1976, da hanyar ta toshe.

Ga 'yan'uwa masu shirin zuwa wurinku, ga yadda aikin yake tafiya da sauƙi. Tun daga gida a tambayi tsofaffi abu uku: sunan ƙauye, sunan dagaci ko mai unguwa na lokacin, da hakimin da ake kai wa haraji. Tambayar "a wace jiha" ba ta da amfani, domin jihohi sai 1967, Katsina ta rabu da Kaduna a 1987, Jigawa da Kano a 1991, Zamfara da Sakkwato a 1996. Idan an samu shekara ta Hijira a bayan wani littafi ko takardar gado, a raba ta da 33, a cire abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Shekarar 1345 za ta ba da 1926, da kuskuren da bai wuce shekara guda ba. Da shekarar a hannu sai a san lardin, daga nan a nemi rahoton kimanta haraji na gundumar, wanda a jikin fayil ake rubuta masa Assessment Report. Irin wannan rahoto yakan zo da jerin ƙauyuka, da yawan maza da mata da yara, da sana'o'i kamar rini da ƙira da saƙa, da taƙaitaccen tarihin gundumar, wani lokaci da taswira da aka zana da hannu. Idan an sake kimanta gundumar bayan wasu shekaru, a ɗora jerin ƙauyukan biyu gefe da gefe. Ƙauyen da ya ɓace a na biyu sau da yawa ba tashi ya yi ba, an ba hakimin maƙwabta ne.

Rubutun Bature ma sai an yi hattara da shi. Katsina takan zo Katsena, Gwandu Gando, Misau Messau, Haɗejiya Hadeija. Gumel kuwa Gummel ake rubuta ta, kuma ido yakan zame ya karanta Gummi ta ƙasar Zamfara. Sunaye irin Sabon Gari, Tudun Wada da Unguwar Rimi suna da yawa, ba a yarda da ɗaya sai sunan dagaci ko na ƙauyukan gefe ya yi daidai da abin da aka ji a gida. A kuma sani cewa talaka bai cika fitowa da sunansa a rahoton haraji ba, mata balle. Tarihin da ke ciki daga bakin fadawan hakimi ya fito, ta hannun tafinta, don haka a auna shi da na baka. Sunayen talakawa sun fi fitowa a shari'un gado da na gona.

Waɗanda danginsu ke bakin iyaka suna da ƙarin aiki. An shata iyakar Ingila da Faransa a ƙasa tsakanin 1906 da 1908, Maraɗi da Tasawa da Damagaram suka kasance a ɓangaren Faransa. Takardunsu Yamai za a nema, da Dakar, amma wasiƙun da Razdan ya yi kan masu ƙaura da rigingimun kiwo da jangali a bakin iyaka suna wajenku.

Muna yaba wa ma'aikatan da ke shiga rumbu su ɗauko fayil da lambarsa, da masu lallaɓa takardun da suka bushe har suna karyewa a hannu. Roƙonmu guda ne: a haɗa jadawali mai nuna tsohon sunan kowace gunduma, da lardinta a shekaru daban-daban, da ƙaramar hukumar da take a yau, a manna a ɗakin karatu, a kuma sa a intanet. Arewa House da ke nan Kaduna da masana tarihi na jami'o'i za su iya taimakawa, mu ma a shirye muke mu ba da abin da muka tattara.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Naku,
Wasu masu binciken asalin dangi a Arewa