Sanarwa: Tattaunawa kan zaɓen ƙananan hukumomi a Sakkwato

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daren Juma'a bayan Isha'i za mu tattauna tarihin zaɓen kansiloli a nan rukuni, daga zamanin En'e zuwa gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, har zaɓen 1987 da aka yi babu jam'iyya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: a 2021 PDP ta kwashe kujerun ciyamomi 23, a 2024 APC ta kwashe su kaf. Duk mai gwamnati shi ke lashewa, to ina amfanin layin da tsofaffinmu ke bi cikin rana?

Iyayenmu da suka ga zaɓen 1976, don Allah a turo saƙon murya. Banda zagi, banda tallar ɗan takara.